Saukar mu Zanzibar ni da Abban yara

Gaskiya Zanzibar ba ta cikin wuraren da na taɓa sa wa rai, mu dai a danginmu in aka ce wane ya fita waje to Umra ce, ko Dubai saro kaya, ko Misira ganin likita, shikenan. Abban yara ne ya zo da zancen wani dare, wai yana so mu je wani wuri mu biyu kawai, ba yara ba 'yan rakiya, kuma lallai wurin ya zama akwai teku. Abin da na fara ce masa shi ne ni fa ba zan je inda ake yawo tsirara a bakin ruwa ba, ya ce kwantar da hankalinki garin Musulmi ne, kusan kowa a can mai salla ne. Na shiga waya na bincika na ga haka abin yake, tsibirai ne a tekun Indiya gab da gaɓar Tanzaniya, manyan guda biyu ne, Unguja da Pemba, mutanensu sun kai kusan miliyan 1.9 a ƙidayar 2022, kuma Ungujar ita ce wadda kowa ke nufi in ya ce ya je Zanzibar.

Maganar takardu ita ce ta fi cin lokaci, duk mai niyya ya ji wannan da kyau. Mai fasfon Najeriya ba ya sauka a ba shi biza a filin jirgi yadda ake yi wa wasu ƙasashe, sai ka nema ta intanet tun kana gida ka jira a amince, don haka kar ka sayi tikitin da ba a canza masa rana alhali bizarka ba ta fito ba. Sai katin rigakafin shawara, yalo kad ɗin nan, shi ma dole ne. Sannan tun watan Oktoba na 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa duk baƙo sayen inshorarta, dala 44 kowane mutum, ko da kana da wata inshorar daban. Akwai kuma maganar leda, Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun 2019, shi ya sa yajina da man shanuna duk a roba mai murfi na zuba su.

Yaran a wajen Hajiya muka bar su. Autar ta riƙe min hijabi tana kuka, Hajiya ta ɓamɓare ta ta ce ku tafi abinku Allah ya tsare, ai mu ma mun raini ubansu. Har muka kai Addis Ababa inda muka canza jirgi zuciyata na wajensu, ina ta lissafin ko an ba wannan maganin tarinta, ko wancan ya yi aikin makaranta. Sai da muka kusa sauka da hantsi Abban yara ya taɓa ni ya ce leƙa ki gani. Wallahi ban san ruwa yana da kala-kala haka ba. Can nesa shuɗi ne mai duhu sosai, yana matsowa tsibirin yana washewa har ya koma wani kore-kore mai haske da kake hango rairayin ƙasansa tun daga sama, ga ƙananan jiragen masunta masu farin ƙyalle guda ɗaya a warwatse. Ni da babban ruwan da na taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga, sai kawai na ji ina ta maimaita subhanallah, shi kuma ya bar kallon tagar ni yake kallo.

Ana buɗe ƙofar jirgi iska mai ɗumi da laima ta rufe mu, ba zafi ne mai ƙuna ba, amma nan take za ka ji kaya sun manne maka a jiki. Filin jirgin sunan Abeid Amani Karume aka sa masa, shugaban Zanzibar na farko bayan juyin juya halin Janairun 1964 da ya kawar da sarautar sarakunan da asalinsu Larabawan Oman ne, a watan Afrilun shekarar kuma suka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya, amma har yau suna da shugabansu da majalisarsu na kansu. Jami'ar shige da ficen da ta karɓi fasfona da hijabinta tsaf ƙarƙashin hular aiki, na yi mata sallama ta amsa min cikakkiya har da wabarakatuhu, daga nan rabin fargabata ta tafi. Ta duba biza, ta duba takardar inshora, ta buga hatimi. Muka canza 'yan daloli zuwa shilin, muka gyara agogo don sun riga mu da awa biyu, muka fito muka tarar da direban da otal ta turo riƙe da kwali.

Mu gabashin tsibirin muka kama ɗaki, a wani ƙauyen masunta da ake kira Jambiani, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai daga filin jirgi. A hannun hagu suke tuƙi, duk motar da ta taho sai na ga kamar kanmu za ta yi, har dai na saba. Direban dattijo ne mai fara'a da hula zanna irin tasu, yana jin Najeriya muka fito kuma Musulmi ne sai hira ta ɓarke, rabi Turanci rabi Larabci shi da Abban yara. Ni kuwa idona na kan hanya. Bishiyar kwakwa ba iyaka, ayaba, manyan bishiyoyin mangwaro da suka yi wa titi rumfa, 'yan mata 'yan makaranta da fararen hijabai a jere a gefen hanya, masallaci bayan masallaci, ga motocin hayarsu da suke kira daladala an cika su da mutane an ɗaura buhuna da kekuna a sama. Ya ce mana kanumfarin da ake yi wa Zanzibar kirari da shi yawancinsa a Pemba ake nomawa, tun zamanin Sarki Sayyid Sa'id wanda ya taso da fadarsa daga Maskat ya dawo nan wajen 1840. Ya ƙara da alfahari cewa Shugaba Samia Suluhu Hassan ai 'yarsu ce, 'yar tsibirin. Da muka shiga dajin Jozani ya rage gudu sosai ya nuna mana saman bishiya, wasu birai ne masu jan baya da farin gashi buzu-buzu a ka, ya ce duk duniya nan ne asalin gidansu, shi ya sa aka yi tudun rage gudu a titin don kar mota ta riƙa take su. Wata na rungume da ɗanta a ciki tana cin ganye ko kallonmu ba ta yi ba.

To a nan ne fa abin da ya fi tsaya min a rai ya faru. Mun iso otal wajen azahar, an tarbe mu da ɗanyar kwakwa an fasa kanta an sa tsinken sha, ruwanta sanyi ƙalau da ɗan garɗi, an kai kaya ɗaki, ban ko cire takalmi ba na ce Abban yara zo mu je mu ga tekun nan tukunna. Muka zagaya bayan ginin, sai muka tarar babu teku. Wallahi babu. Farin rairayi ne shimfiɗe fetal har iya ganinka, da 'yan tabkuna nan da can, kwalekwale a kwance a gefe guda kan yashi an ɗaure su da igiya, can nesa sosai kake hango wani farin layi inda igiyar ruwa ke dukan duwatsun murjani. Yaron da ya rako mu ya ga yadda na yi turus ya yi murmushi ya ce Mama ki yi haƙuri zai dawo, kafin la'asar sakaliya yana nan har gindin katangar nan. Ashe haka gabashin tsibirin yake, sau biyu a kwana da wuni ruwan ke janyewa ya dawo, tsakanin janyewa da cikowa wajen awa shida, jan wata ne ke haddasa shi, kuma lokacin tsayuwar wata da lokacin cikarsa ya fi yin nisa. Da yake ƙasan wurin shimfiɗaɗɗe ne ba zurfi, sai ruwan ya tafi ya bar fili mai faɗin gaske. A arewa wajen Nungwi da Kendwa abin bai kai haka ba, wanda ke son ya shiga ruwa duk lokacin da ya ga dama can ya kamata ya nufa. Amma ni ko yanzu aka ce in sake zaɓa Jambianin zan ɗauka, saboda abin da na gani a cikin filin nan.

Mata ne. Suna zaune dirshan a cikin ruwan da bai wuce idon sawu ba, da zannuwansu masu rubutu a baki da ɗankwali, kowacce a gaban gonarta. Eh gona, ciyawar teku suke nomawa. Muka cire takalma muka taka har wajen wata dattijuwa, na yi sallama ta amsa ta nuna min gefenta na tsuguna. Turaku ne na itace aka kakkafa a yashi, an ja igiya daga wannan zuwa wancan layi-layi kamar kunyoyin gyaɗa, ita kuma tana gutsuro ciyawar kaɗan-kaɗan tana ɗaurawa a jikin igiyar da wani siririn zare, hannunta na gudu ko kallon abin ba ta yi. Ta miƙo min guntu na riƙe, santsi gare shi da ɗan tauri, launinsa tsakanin kore da ruwan ƙasa. Na kalli yatsunta duk sun yi fari sun tsattsage saboda gishiri. Yaron ke fassara mana, ta ce bayan wajen sati shida za ta zo ta girbe, ta ɗauka a ka zuwa gida ta shanya a rana, sannan ta sayar wa dillalai a kan kilo, su kuma a fitar da ita ƙasashen waje a ciro wani sinadari da ake sawa a man goge baki da askirim da kayan shafa. Tun wajen 1989 aka fara sana'ar a tsibirin kuma yawanci mata ne ke yi. Ta ce kuɗin ba yawa, kuma irin da ya fi tsada yanzu mutuwa yake a ruwa mara zurfi saboda ruwan ya ƙara ɗumi, amma da shi ta yi wa 'ya'yanta kayan makaranta. Kuma duk aikin nan sai a ɗan tsakanin da ruwa ya janye, yana fara dawowa dole ta tashi. Ban ɗauke ta hoto ba, ban ma tambaya ba, na ga wasu baƙi suna ɗora wa matan kyamara a fuska ko gaisuwa babu, raina ya ɓaci sosai, mutum yana neman halaliyarsa a rana ka mai da shi abin kallo.

Da muka koma ɗaki za mu yi salla na shimfiɗa darduma ina fuskantar teku tunda nan ne gabas, Abban yara ya ce tsaya, ya nuna min 'yar kibiya a jikin silin, ya kuma duba a waya. Alƙibla a Zanzibar arewa take kusan sak, don Makka na saman su ne a taswira. Tun tasowata ban taɓa salla ina kallon wani ɓangare ba gabas ba, sai da na tsaya na nutsu kafin na kabbara, kuma abin ya taɓa min zuciya, ka yi tunanin mutane ta kowace kusurwa sun kewaye Ɗaki ɗaya. Da magariba shi ya shiga cikin ƙauye masallaci ya dawo yana ba ni labari, limamin ya bayyana bisimilla a fili kafin Fatiha saboda yawancinsu Shafi'iyya ne, bayan an idar dattawa suka riƙe shi da tambayar daga ina, wani har ya ce lallai sai ya zo gidansa shan shayi. A nan ya ji cewa a kudu da mu, garin Kizimkazi, akwai masallacin da rubutun jikin bangonsa ke ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107.

Ruwan kuwa ya dawo yadda yaron ya faɗa. Muna zaune a baranda muka ga yana tahowa a hankali ba hayaniya, yana cike 'yan tabkunan yana haɗe su, kwalekwalen da ke kwance suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna lilo, kafin rana ta yi sanyi gonakin matan nan duk sun nutse.

A zaman barandar nan ne na lura da wani abu. Mun jima shiru ni da shi. Ba faɗa muka yi ba, kawai dai hirar da muka saba ce babu ita, ba maganar kuɗin makaranta, ba gas ya ƙare, ba bikin 'yar wane ranar Asabar, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba yaron da ya shigo da ƙara. A gida in ya dawo daga kasuwa a gajiye yake, ga abokai a ƙofar gida, ga 'yan uwa, ni ma ga girki ga yara ga baƙi, in muka samu kanmu mu biyu dare ya raba ido ya yi nauyi. Muna zaune lafiya alhamdulillah, amma na daɗe ban tambaye shi me ke ransa ba, shi ma haka. Shi ya fara magana, ya ce Amarya kin san Baba Allah ya jiƙansa har ya rasu yana cewa yana son ya ga teku, ya je Hajji ta Jidda amma da dare suka sauka bai gani ba. Rabon da ya kira ni Amarya har na manta. Daga nan ya shiga ba ni labarin mahaifinsa, abubuwan da ban taɓa ji ba duk zamanmu, yadda yake goya shi a keke zuwa makarantar allo, da ranar da suka yi sallamar ƙarshe a asibiti, muryarsa na rawa. Ni ma na faɗa masa abin da na daɗe ina riƙewa, cewa ina son in koma karatu kuma ina tsoron ya ce yara fa. Ya ce me ya hana ki faɗa tun tuni.

Sannan ya ce tashi mu taka. A bakin ruwan ya kama hannuna, na yi saurin waigawa don mu ba mu saba ba, a unguwarmu ko jerawa ba ma yi, yana gaba ina baya. Ba kowa sai wasu yara da ke ƙwallo can gefe. Na bar masa hannun. Muka shiga ruwan har gwiwa ni da doguwar rigata da hijabina, ruwan ɗumi gare shi, in ya ja da baya sai ka ji yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafarka, na ƙanƙame shi yana dariya yana cewa ina riƙe da ke. Na san akwai masu cewa wannan almubazzaranci ne, da kuɗin ai gara a sayi fili ko a ƙara a je Umra, kuma ban raina maganarsu ba don a yadda canjin dala yake yanzu tafiyar nan ba ƙaramin abu ba ce, mu ma tarawa muka yi a hankali. Amma ni ban yarda cewa kuɗin da miji ya kashe don ya zauna da matarsa ya saurare ta asara ba ne. Muna kashe ninkinsa a lefe da dina da anko don mutane su gani, auren kansa kuma a bar shi ba ko ban ruwa. Wanda bai da halin Zanzibar ga Yankari nan, ga otal a cikin garinku ma, a kai yara gidan kaka a rufe ƙofa.

Da daddare a kan rairayi aka jera tebura. Aka kawo shinkafar da suke kira pilau, tana ƙamshin kanumfari da kirfa, da gasasshen kifi da aka kamo ranar, da wata halittar ruwa mai hannuwa takwas da suke ce wa pweza an dafa ta da madarar kwakwa. Na yi jim, Abban yara ya ce ci abinki, a Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne. Na ɗanɗana, naman da ɗan danƙo amma romon ya yi daɗi sosai, na barbaɗa yajina a kai. Sai lemon rake da aka matse da citta da lemon tsami, wannan kam tun ranar na ɗau niyyar in na dawo gida zan riƙa yi.

Wani abu da ya kamata in faɗa don kar wata ta je ta ce ban gaya mata ba, yawancin otal-otal na bakin ruwa suna sayar da giya, kuma za ki ga Turawa da kayan wanka a gaban otal ɗinsu. Akwai waɗanda ba sa sayarwa, sai ki tambaya kafin ku biya, kuma ki nemi ɗakin da ke ɗan nesa da wurin kiɗa. Cikin ƙauye dai da sutura ake shiga, mutanen garin ba sa son a ratsa musu unguwa a tuɓe, har alluna suke kafawa suna roƙon baƙi su rufe kafaɗa da gwiwa. Ni da hijabina ba wanda ya yi min kallon baƙuwa, wasu ma da yarensu suke fara min magana. A kula da lokaci kuma, daga Maris zuwa Mayu babbar daminarsu ce, akwai ƙarama wajen Nuwamba, sannan a riƙa sakin gidan sauro da dare.

Kafin mu kwanta muka kira gida ta bidiyo, a can ko isha ba a daɗe da yi ba. Yara suka cika waya kowa na son a nuna masa teku alhali duhu ne ba abin da ake gani sai ƙararsa, autar har ta manta da kukan ta ce a kawo mata kunkuru, don yayanta ya gaya mata kusa da babban birnin Zanzibar akwai wani ɗan tsibiri mai manyan kunkuru da suka haura shekara ɗari. Hajiya ta karɓi wayar ta ce ita ba ruwanta da kunkuru, kanumfari take so mai kyau da kirfa da zannuwan nan nasu guda biyu, ɗaya nata ɗaya na Inna. Abban yara ya tura wa dattijon direban saƙo suka shirya zai zo da safe ya kai mu tsohon birnin, mu fara da kasuwar Darajani saboda saƙon Hajiya, daga nan mu wuce inda aka yi kasuwar bayi da aka rufe a 1873, in lokaci ya rage mu tsaya lambun Forodhani da yamma mu ci tsiren bakin ruwa.